Jinin Kaka Ya Fi Ƙarfin Na'ura

Kafin wata ta sake turo min saƙo tana cewa, "Ke dai ba ki da godiyar Allah, irin wannan mijin a ƙasa ake tsintarsa?" to ta gyara zama ta karanta wannan tukuna. In ta gama har yanzu tana sonsa, ta yi min magana in ba ta lambarsa, in haɗa mata da hoton da ya fi so, wanda ya rataya abin awon ƙirji a wuya. Ni dai yanzu da nake rubutun nan, ko turarensa na tuna sai yawu ya taru min a baki.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni tela ce. Shagon ɗinkin yana ƙasa, mu muna haya a saman benen, ni da Umma da Kaka, mahaifiyar Babana. Baba direban babbar mota ne, mun fi sanin muryarsa a waya a kan fuskarsa. Gwaggo, ƙanwarsa, ba a gidan take kwana ba, amma duk wata maganar gidan sai ta bi ta bakinta. Shi kuma wanda ake shirin bikinmu, kowa Dakta yake ce masa. Ba likita ba ne fa. Ya fara karatun haɗa magunguna ya ajiye a tsakiya, ya buɗe shagon sayar da ƙwayoyin ƙarin lafiya a bakin babban titi, ya sayi farar riga mai aljihu uku. Kuma ba wanda ya yi min dole. Ni na kawo shi gida da kaina, don a lokacin yana ba ni dariya, yana kuma buɗe min ƙofar mota.

Ranar da ya fara hawowa sama gaishe da Kaka, ko zama bai gama yi ba ya kama hannunta ya juya, ya ja fatar idonta ƙasa da babban yatsa, ya girgiza kai irin na wanda ya ga abin tausayi.

"Bitamin B12 ne ya yi mata ƙasa," ya ce wa Gwaggo. "Haka tsufa yake. Ciki ya rage tsotso shi daga abinci, sai kasala, sai mantuwa, tafin ƙafa ya riƙa sagewa. Allura ɗaya duk mako, za ku dawo kuna roƙonta ta zauna wuri ɗaya."

Bai auna komai ba, ido kawai ya sa. Amma Gwaggo ta dube shi ta dube ni, ta ce, "Auta, ashe kin iya zaɓe." Ni kuma wawuya har da sunkuyar da kai ina murmushi.

Allurar ja ce wur, kamar jan farce. Ranar farko duk muka cika ɗakin Kaka muna kallo yana zuƙo ta daga 'yar kwalba. Kaka ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Kallon me kuke yi? Duk ku fita ku ja min ƙofa, daga ni sai angona." Haka take tsokanarsa. Muka fita muna dariya. Can ya fito yana ɗaga sirinji ba ko ɗigo a ciki, ya wanke hannu, Umma ta ajiye masa abinci. Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Duk mako zai zo, ya shiga, a ja ƙofa, ya fito, ya ci ya sha, ya yi mana gyatsa a falo, ya tafi.

Bayan 'yan watanni ya ɗauke ta zuwa wurin gwajin jini. Muna zaune a falo yana cin abinci sakamakon ya shigo wayarsa. Na ga ya yi ɗan jim, ya sake dubawa, sannan ya miƙe tsaye ya washe baki.

"Na'urar ta kasa," ya ce. "Bitamin ɗin ya wuce iyakar abin da take iya aunawa."

Ku fahimce mu. A gidanmu lamba in ta yi sama abin murna ce, in dai ba ta hawan jini ba ce. Da makin jarrabawa muka saba, wanda ya fi yawa shi ya ci. Kafin Dakta ya gama cin abincinsa guruf ɗin dangi na waya ya kama da wuta.

"Masha Allah, Kaka ta zo ta ɗaya."

"Dakta a taimaka a sa ni a layi, gwiwar nan ta ishe ni."

"Ni nawa ko rabin nata bai kai ba, tsohuwa ta ba mu kunya."

A ranar Gwaggo ta miƙa nata damtsen. Ta kawo ƙawayenta, ƙawayen suka kawo iyayensu. Sai kuma aka zo kan bidiyo. Gwaggo ta shafe fuskar Kaka da hoda har ta yi fari fat, ta ja mata kwalli, ta goga mata jan baki, aka sa mata shuɗiyar doguwar rigarta mai duwatsu a wuya. Dakta ya ce ta tako daga bakin ƙofa zuwa kujera tana murmushi. Ta tako, ya ce ba haske. Ta sake, ya ce ta yi sauri kaɗan. Ta sake, ya ce ta ɗaga hannu. Da ta zube a kujerar tana haki, bakinta a buɗe, ya yanke wannan wurin. A ƙasan bidiyon ya rubuta: "Ta haura tamanin, jininta na 'yar ashirin."

Ni kuwa duk kayan Kaka ni nake ɗinka mata. Tun kafin bidiyon na lura kafaɗar rigunanta tana zamewa, sai na rage. Ba a jima ba ta ce rigar tana matse mata ciki, sai na buɗe. Haka na yi ta yi, ina rage sama ina ƙara tsakiya, har rigunan suka daina kama da na mutum. Abinci kuwa cokali biyu ta ture. Ga soshe-soshe, duk hannayenta shatin farce ne. Farin idonta ma ya fara sauya launi, ko da yake sai ka tsaya kusa da taga za ka gani.

Na yi wa Umma magana, ta ce tsufa ne. Na yi wa Gwaggo, ta watsa min harara.

"Kitsen banza ne yake narkewa. Cikin kuma ƙiba ce, ta nan take farawa. Ke kin fi na'ura sani ne?"

Akwai likitar da take duba hawan jinin Kaka duk wata, siririya mai tabarau, ba ta da yawan magana. A zuwan da muka yi bayan bidiyon, Dakta ne ya kai mu, ya kuma bi mu har ciki da farar rigarsa. Gwaggo ba ta bari an gama awo ba ta tura wa likita waya gaban hanci.

"Duba nan ki sha mamaki, Likita."

Likita ta ƙara girman rubutun da yatsu biyu. Na ga fuskarta ta canza.

"Tana shan ƙwayar bitamin ne, ko allura ake yi mata?"

"Ni nake yi mata," in ji Dakta, yana gyara wuyan riga. "Duk mako."

Ta sauke numfashi. "To, in allura ce ba abin mamaki ba ne, dole ya hau. Amma ku dakatar, ba ta buƙata. Da a ce ba a ba ta komai na ga wannan, da yau ba ku koma gida da wuri ba."

Na ce, "Me ya sa, Likita? Ba yawan ake so ba?"

"Ƙarancinsa matsala ne, kuma tsofaffi da yawa suna fama da shi. Su ne allurar take yi wa amfani. Amma a hanta jiki yake ajiye shi. In ya cika jinin tsoho ba tare da an ba shi ba, wani lokaci hantar ce ta fara sakin abin da ke cikinta, ko ƙoda ta gaza, ko jinin kansa ya samu matsala. An lura tsofaffin da ake samu a haka sun fi saurin rasuwa. Ba bitamin ɗin yake kashe su ba, yana dai nuna akwai abin da ya kamata a nemo."

Na buɗe baki zan yi maganar rigunan, Gwaggo ta taka min ƙafa. Kaka tana zaune ta sha hoda, ta lulluɓe da ƙaton mayafi har gwiwa. Layi a waje ya kai bakin ƙofa. Likita ta rubuta maganin hawan jini muka fito. A mota Dakta ya yi tsaki ya ce baƙin ciki ne, 'yan asibiti ba sa so su ga wani ya gyara abin da suka kasa. Gwaggo ta ce ai tun shigarmu ta ga hassada a idon matar. Aka ci gaba da jan ƙofa duk mako.

To, shekaranjiya da hantsi na ce bari in fitar da katifar Kaka ta sha rana, don ɗakin ya fara wani irin wari, mai zaƙi-zaƙi mai tayar da zuciya. Ina ɗaga katifar na ga tsummoki a jere a kan katakon gadon, guntayen yadin da nake zubarwa a shago. Duk sun yi ja. Wasu sun bushe sun ƙame, wasu da sauran danshi, ƙananan kyankyasai suka watse daga cikinsu.

"Kaka, jini kike zubarwa? Ta ina? Tun yaushe?"

Tana zaune a kujerar roba tana sosa hannu. Ta leƙo, ta ga abin da na riƙe, sai ta kama dariya har da tari.

"Ajiye, uwar bincike. Wane jini? Allurar angona ce."

"Allura a tsumma?"

"To a ina kike so ta shiga? Ni da girmana in kwance wa surukina zane? Ya ce to a damtse, na ce ko damtsen. Tun rasuwar kakanku ba namijin da ya ga saman gwiwar hannuna, ba kuma a kan mai neman jikata za a fara ba. Sai in miƙa masa tsumma ya tsiyaye a ciki, mu yi hira, ya fita. Yaron kirki ne, ya rufa min asiri."

"Ko sau ɗaya bai yi miki ba?"

"Ko sau ɗaya."

Na zauna a bakin katakon gadon. Maganar likita ta dawo min tiryan-tiryan.

"Kaka, kin ji abin da likita ta ce ranar nan?"

"Kunnena bai mutu ba."

"To?"

"To me? Miƙo min man shafawa. Kuma in na ji maganar nan a bakin wani, ni da ke ne. Biki ya matso, ba na son surutu."

Na miƙa mata man. Na ɗauki tsumma ɗaya na cusa a leda, na zura mayafi, ko shagon ɗinkin ban leƙa ba na nufi wurin Dakta. A hanya ina ta ba shi uzuri, wallahi. Na ce ƙila bai gane abin da likita take nufi ba, tunda karatun ma bai gama ba. Na ce ƙila in na faɗa masa zai dafe kai ya ɗauko mukullin mota.

Na same shi a bayan kanta yana cin soyayyen kifi da hannu. Kwalabe a jere har rufi, masu ja, masu ruwan ɗorawa, kowacce da hoton tsoho yana gudu. A saman kansa talabijin tana nuna Kaka tana takowa daga ƙofa zuwa kujera, in ta kai sai ta koma ƙofa ta sake takowa.

"Zumata," ya ce, baki duk mai. "Yau kewata ta yi yawa ke nan."

Na zazzage ledar a kan kanta, kusa da farantinsa. Ya dubi tsumman. Ya zare ƙaya daga haƙorinsa, ya duba ta, ya ajiye a gefen faranti.

"Tsohuwar nan ba ta iya riƙe magana ba," ya ce.

"Ka ji abin da likita ta ce. Kana tsaye a wurin. Kai ka ce mata kana yi."

"Na sani tun kafin ta faɗa. Tun ranar da sakamakon ya shigo na koma na duba littattafaina." Ya lashe yatsa. "Ina zaton hanta ce. Kin ga cikin ai."

Jama'a, da ya musa da ya fi min sauƙi. Da ya rantse ya ce tsohuwa ta ruɗe, da na samu abin da zan yi faɗa da shi. Amma haka ya faɗa, kamar mai ba da labarin tayar mota ta yi faci.

"Ka sani, ka yi shiru? Ka sa ta tana yi maka tafiya a falo?"

"Rage murya, akwai mutane a waje. Ki yi tunani irin na manya, Zumata. In na fito na ce ban taɓa yi mata ba, me zan ce wa duk waɗanda suka ga bidiyon nan? Me zan ce wa Gwaggo? Kuma a shekarunta me asibiti za su yi mata, ban da su yi ta huda ta? In aka kwantar da ita yanzu, ɗage bikin za a yi. In kuma ta Allah ta kasance a can, sai a ce a jira, a sake jira. Ki bari a gama, washegari ni da kaina zan kai ta. Ita ma haka take so, ki tambaye ta."

"Kakata ce."

"Kakata ce ni ma. Ai saboda mu nake yi."

Ya miƙo hannu ya shafa kumatuna da yatsun nan masu man kifi, sannan ya goge sauran a farar rigar. Ban san lokacin da na fito ba. A bakin kwata na durƙusa na amayar da shayin safe, mai gyaran takalmi yana ta yi min sannu. Na goge kumatun da mayafi har ya yi zafi, amma ƙarnin ya bi ni har gida.

Na tarar da Umma tana gugar kayan biki, Gwaggo ta miƙe ƙafa a kan kujera tana zaɓen kalar labule a waya. Na faɗa musu komai, tun daga katifa har kifi. Umma ta tsayar da dutsen guga. Gwaggo ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Tsohuwa ta fara ruɗewa, ke kuma kin ɗauka kin yafa. Tsumma ai goge wurin allurar ake yi da shi."

"Shi da bakinsa ya amsa, Gwaggo."

"Lallashinki ya yi, don ya ga kin zo da hauka. Ni ba a jikina yake yi ba? Ba ki ga yadda nake hawa benen nan ba? Mata nawa na kai masa? So kike a ce na kai iyayen mutane wurin maƙaryaci?"

"Ku tashi mu tambaye ta."

Muka shiga. Kaka ta juya fuska bango, ta ja bargo, tana wani numfashi mai nauyi da duk mun san ba na barci ba ne. An mayar da katifa, an share katakon tas. Gwaggo ta taɓe baki ta fita. Na tsaya ina kallon Umma, don ita na san ta yarda, na gani a idonta. Ta kama hannuna ta ja ni kicin.

"Auta, uwar mijina ce, ba ni da bakin da zan ɗauke ta in kai wani wuri 'yarta na cewa a'a. Ki bari a gama bikin nan. Kwana nawa ya rage?"

"In ba ta kai ba fa?"

"Ki daina mugun baki."

Kafin la'asar Gwaggo ta riga ta kai wa Baba maganar. Ya turo saƙon murya, ƙarar injin mota tana cinye rabin maganar. Abin da na tsinta shi ne, "Kar ki kunyata ni a gaban mutane, yaron nan hidima yake yi wa uwata." Sai ga saƙonnin Dakta suna shigowa a jere.

"Zumata kin huce?"

"Na yafe miki ihun da kika yi min a shago."

"Gobe zan zo yi wa Kaka allura kamar kullum, ki dafa min wani abu mai daɗi."

Na kifa wayar. Duk gidan ƙyama yake ba ni, kayan bikin da aka jera a falo, takalman da ke cikin kwali, har rigar da na ɗinka wa kaina da hannuna, wadda na yi mako ina jera mata duwatsu. Kowa ya san tsohuwar nan narkewa take yi, kowa kuma yana lissafin kar ta ɓata masa rana.

Jiya da safe Umma ta tafi kasuwa. Na rufe shago na hau sama.

"Kaka, tashi, yau ranar awon hawan jini ce."

Ta daɗe tana kallona. "Yau?"

"Yau."

"To ba ni hodata."

"Ta ƙare."

A aljihuna take. Ita ma ta san a aljihuna take. Na sa mata riga, na ɗaura mata ɗankwali, na durƙusa na sa mata takalmi kamar yadda nake yi kullum tunda sunkuyo ya fara yi mata wuya. A matakala sai da muka huta a tsakiya. Ta riƙe wuyan hannuna, yadda take riƙe ni tun ina ƙarama in za mu tsallaka titi, sai dai yanzu ni nake ja. A cikin tasi ta ce, tana kallon waje, "Babanki ban ga aurensa ba, ina kwance a asibiti aka yi. Naki nake so in gani da idona, ina zaune, da kwalliyata." Na yi kamar ƙarar titi ta hana ni ji.

Da layi ya zo kanmu, likita ta dube mu ta saman tabarau.

"Ba yau ce ranarku ba ai."

"Maganar bitamin ɗin nan ce, Likita. Don Allah ki tambaye ta da kanki, yaushe aka yi mata allurar ƙarshe."

Likita ta juya. "Kaka, yaushe?"

Kaka ta gyara mayafi, ta yi murmushin nan nata na bidiyo.

"Makon jiya, 'yar nan. Surukina ne yake yi min, duk mako, ba fashi. Hannunsa ko zafi babu."

Farcenta ya nutse a wuyan hannuna ta ƙarƙashin mayafi. Likita ta girgiza kai, ta ce ai ta ce a dakatar, mutane ba sa jin magana, ta kai hannu ga biro.

Matar nan ita ta goya ni. Ita ta koya min salla, ita ta saya min keken ɗinkina na farko. Ban taɓa ɗaga mata murya ba, ko a wasa akwai inda nake tsayawa.

"Ƙarya take yi," na ce.

Biron ya tsaya. Na zaro tsumman daga jaka na ajiye a kan tebur.

"Ga inda allurar take shiga. Ko sau ɗaya ba ta taɓa jikinta ba. Ki dubi idonta a haske, Likita. Ki ɗaga mayafin ki ga cikinta."

Kaka ta saki hannuna a hankali, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Likita ta taso, ta juya fuskar Kaka wajen taga, ta ja fatar idon ƙasa. Ta ɗage mayafin, ta sake shi.

"Kaka, ki hau gadon can in duba ki."

Na durƙusa zan cire mata takalmi. Ta janye ƙafarta ƙarƙashin kujera.

"'Yar nan," ta ce wa likita, muryarta ƙalau, "ki ce wa telar nan ta jira a waje."

Na fita. Na zauna a benci tsakanin wata mai ciki da wani tsoho mai sanda, wayata tana ta rawa a jaka, ban duba ba. Ta jikin ƙofar na ji likita tana cewa, "Nan fa? Nan fa?" Sai na ji Kaka ta yi wata 'yar ƙara, gajeriya, irin wadda ba ta taɓa bari mun ji ba a gida.

Ƙofa ta buɗe. Likita ta kira nas ta ce a kawo keken marasa lafiya, sannan ta dube ni.

"Waye babba a gidanku? Kira shi. Duk inda yake ya juyo."

Ta bayan kafaɗarta na hango Kaka a kwance, takalmanta a ƙafa, ta ba ƙofa baya. Na ce, "Kaka." Ba ta juyo ba.